Fatar Damisa a Ƙarƙashin Gadon Baba

Baba ba ya kallon wasan kwaikwayo, ya ce ƙarya ce aka shafa wa hoda. Amma da zarar an sa fim ɗin namun daji, irin wanda ake bin zaki da kyamara har ya kama barewa, sai ka ga dattijo ya jawo kujera har gwiwarsa tana taɓa teburin talabijin. Yana ba barewa shawara, yana zagin kura. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar farauta, ranar kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. A wajen Baba waɗannan finafinan ne kaɗai gaskiya a cikin akwatin, domin dabba ba ta san ana ɗaukarta ba, balle ta yi riya.

Na gaji kallon daga gare shi, sai dai nawa ya zarce nasa. Ina koyarwa a wata firamare a unguwar Maamobi, inda nake aure, kuma in na dawo na gama girki babu irin fim ɗin gaskiyar da ba na kallo: na yaƙi, na mutanen da aka kora daga garuruwansu, na masu harbin giwa. Kallon ya koya mini abin da bai koya wa Baba ba. Kowane ɗayansu yana da wurin da kiɗa ke sauka ƙasa, muryar mai bayani ta yi sanyi, a nuno wani mutum a kasuwa ko a bakin daji, kai mai kallo ka san an iso kan mugun. Mu 'yan unguwar Nima kuwa mun sha ganin masu kyamara. Ko shimfiɗa ka yi musu a falo, ƙafarsu sai ta kai su bakin babbar kwata, su ɗauki shara da yaran da ba su da takalmi, su tafi.

Baba mai maganin gargajiya ne a kasuwar Nima, kuma shi ne mafi tsufa a layinsu. Tun yana saurayi ya zo daga Nijar, ya auri mahaifiyata Mma wadda a nan aka haife ta, ya zauna. Rumfarsa ba ta da wani abin kallo: saiwoyi, sassaƙe, jar kanwa, kimba, zuma a kwalabe, man kaɗanya. Abin da ya danganci dabba a ciki bai wuce 'yan ƙayoyin beguwa da wata busasshiyar hawainiya da ta girme ni ba, wadda ba mai saye, shi ma ba ya son sayarwa. Masu ciwon ciki da masu basir su ne mutanensa.

Wata rana masu ɗaukar fim suka shigo layin, wata matashiya 'yar kudu tana jagora, da wani dogon Bature mai kyamara. Suka ce suna shirya fim a kan maganin gargajiya da namun daji. Aka kai su wajen Baba, domin baƙo a layin wajensa ake kaiwa. Ya ba su benci, ya aika aka sayo musu ruwan sanyi, suka ce za su dawo jibi da kayan aiki.

To, mu a zango, wato unguwar Hausawa mazauna wannan ƙasa, muna da wata ɗabi'a. In baƙo zai zo maka, unguwa ce ke yin baƙon. Ranar da dangin mijina suka zo gaisuwa, kujerun falonmu na gidan gaba ne, labulen na wata ƙawar Mma ne, hatta agogon bango sai da aka kwance shi daga ɗakin wani. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Rufin asiri muke ce masa, kuma wanda ya hana ka aro a irin wannan rana ya fi ɓarawo baƙin jini. Saboda haka da mutanen layi suka ji cewa duniya za ta kalli rumfar Baba, sai suka ga ai ba za a bar Nima ta ji kunya ba. Kowa ya shiga bayan rumfarsa ya zaƙulo abin da ya fi ji da shi.

Ni ban sani ba sai ranar ɗauka. Na taso daga makaranta na biya ta kasuwa in kai wa Baba maganin hawan jininsa na asibiti, wanda yake sha a ɓoye don kada masu saye su gani. Tun daga bakin layi na ga taro. Na kutsa, na tsaya, ban gane rumfar ubana ba. An rataya fatar damisa daga wannan gefe zuwa wancan. Ga kawunan ungulu jere a faifai, ga fatar mesa an naɗe, ga ƙahonni, ga ƙoƙon kunkuru, ga wani kan kura da haƙora a waje. Saiwoyin Baba an ture su can ƙasan tebur kamar marayu. Shi kuwa yana zaune a tsakiya cikin shuɗiyar babbar rigarsa ta Sallah, hula ta zauna daram, yana ɗaga kowane abu yana bayanin amfaninsa da murya irin ta mai wa'azi. Bature ya durƙusa yana matso da kyamara kan kawunan ungulun nan a hankali, a hankali.

Na san wannan matsowar, na sha ganinta.

Maƙwabcin rumfar Baba, wani gajere mai yawan dariya wanda shi ne mai fatar damisar, ya hango ni ya ɗaga hannu, ya kwaɗa mini kira da Hausar Nima wadda ba ta raba mace da namiji. “Ticha ya zo! Ticha, ka ga tsohonka? Yau Nima ya fita kunya paa!”

Na jawo shi gefe na ce, “Kawu, kun san abin da suke ɗauka kuwa? Waɗannan kayan doka ta hana.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Alhaji, yarinyanka ya cika tsoro. Sukuu ya ɓata shi, boko ya yi masa yawa.”

Da aka tashi, matashiyar ta ce mai yiwuwa su dawo ƙarshen mako su ƙara wasu hotuna, a bar rumfar yadda take. Aka bari. Baba ya dawo gida yana ba Mma labari, har yana kwaikwayon yadda Bature ya ce “na gode” da karkataccen harshe. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, ya ce ni dai tun ina ƙarama ko kaza ta yi tari sai na ce annoba ce.

Masu fim ba su dawo ba. Abin da ya zo a maimakonsu labari ne, cewa jami'an kula da namun daji sun shiga wata kasuwa a cikin gari, sun kwashe fatu da ƙasusuwa, sun tafi da mutane a mota. Kafin azahar labarin ya zagaye layin Baba, kafin la'asar kowa ya shafa wa gemunsa ruwa. Rumfunan da jiya ke da ƙaho da fata, yau sai citta da kanumfari.

Baba ya sauke kayan, ya zuba a buhun shinkafa, ya shiga bin masu su ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, kamar yadda ake mayar da kujera bayan suna. Ina tare da shi, domin ranar Asabar ce. Ya fara da mai damisa.

“Ga fatarka, na gode, Allah ya bar zumunci.”

Gajeren nan ya dubi fatar, ya dubi hagu da dama, dariyar nan tasa ta ɓace. “Alhaji, wane fata? Ni ban san shi ba koraa. Damisa ni a talabijin kawai nake ganin shi.”

Na zaci wasa yake. Na ce, “Kawu, da bakinka ka ce mini taka ce, ka ce kakanka ya bar maka!”

“Ticha, kada ka sa ni cikin magana. Ina da yara.”

Haka muka bi layin. Mai kawunan ungulu ya ce shi tun da ya dawo daga Makka bai ƙara taɓa irin wannan ba. Mai mesa ya shige banɗakin kasuwa bai fito ba har muka gaji. Wani ya rantse, wani ya ce a tambayi ɗan'uwansa da ya yi tafiya. Ko ƙoƙon kunkuru ba a karɓa ba. Ni kam raina ya gama ɓaci, na tsaya a tsakiyar layi ina faɗa, har sai da Baba ya ce in ban yi shiru ba zai bar mini buhun ya tafi. Ya ɗora shi a kafaɗa, dattijo mai hawan jini, muka bi lungu muka kai gida. Ya tura shi ƙarƙashin gadonsa.

Daga ranar na rasa sukuni. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kuma babu sirrin da ke kwana. Kayan nan suna da wani wari, tsakanin tsohuwar fata da busasshen kifi, in rana ta daki kwanon rufi sai ya taso ya fito har ƙofa. Mma ta ƙona turaren wuta har ta gaji.

“Alhaji, wannan kaya zai kashe mu,” in ji ta. “Ka kai shi kwata ka zubar, ruwa ya tafi da shi.”

Na ce ko kuma a ba ni in kai bayan gari in cinna masa wuta. Na ce mijina yana da aboki mai mota a Abossey Okai, zai ɗauka ba wanda ya sani. Na kawo dabara ta fi a ƙirga. Baba ya saurare mu duka, ya ce a'a.

“Kayan mutane ne. Amana ce.”

“Baba, masu kayan sun ce ba nasu ba ne!”

“Tsoro ne ya faɗa, ba su ba. Ranar da ya sake su za su zo, in ce musu me? Na ƙona?”

Wallahi a lokacin da ba ubana ba ne da na girgiza shi. Mutum ya rantse a gabanka cewa bai san abu ba, kai kuma kana yi masa ajiya a ƙarƙashin gadon da kake kwana. Ina cikin aji ina koya wa yara lissafi, in na ji jiniyar mota a titi sai alli ya tsaya a hannuna. In waya ta yi ƙara na ga Mma ce, sai na zauna kafin in ɗauka. Na rame har shugabar makaranta ta tambaye ni ko ciki ne da ni. Abin da nake hangowa kullum ɗaya ne: Baba da furfurarsa a bayan mota, 'yan unguwa sun fito suna kallo, mutumin da ko rigimar famfo shi ake kira ya raba. Kuma ga fim yana tafe, wanda zai nuna wa kowa ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Na nemi matashiyar nan. Na sha wahala kafin in samu inda suke aiki, wani ɗaki mai sanyi a saman bene wajen unguwar Madina, da manyan allunan kwamfuta. Ta karɓe ni da mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba. Na zayyana mata komai, tun daga kujerun aurena har zuwa buhun shinkafa. Ta dafe goshi. Ta ce ita ba ta san haka ake yi ba, ta ɗauka ta samu babban dillali ne da bakinsa ya buɗe. Sai ta kunna mini wani yanki. Ungulaye ne a mace birjik a gefen mushen saniya da aka sa wa guba, a wani daji can arewa. Sai wani mai gadin daji yana ba da labarin abokinsa da 'yan bindiga suka harbe, waɗanda suka mayar da dajin gidansu, suna kashe dabba suna sayarwa. Sai wani ƙauye da babu kowa, ƙofofi a buɗe. Daga nan kiɗa ya sauka ƙasa, sai ga shuɗiyar riga.

Na ce, “Ki cire shi, don Allah.”

Ta ce ba ita kaɗai ke da fim ɗin ba, kuma wannan wurin shi ne ƙashin bayansa, domin kayan dai na gaske ne, a kasuwar kuma aka same su. Abin da za ta iya shi ne ta dawo ta ɗauki Baba yana faɗin cewa aro ne. “Amma duk wanda ya gani zai tambaya, aro daga wa?”

Na koma gida da gudu na kai wa Baba wannan, ina ganin na samo ƙofa. Yana cin tuwo, ya tsame hannunsa.

“In zauna gaban duniya in ce na wane ne? Mutum ya ba ni abinsa don a rufa mini asiri, ni in tona nasa?”

“To shi ya rufa maka naka?”

“Wannan tsakaninsa da Allah. Ke kuma ki rage ɗaga mini murya, ba ajinki ba ne nan.”

Na kira ta na ce ya ƙi. Ta ce kada in damu, za su kare shi. Ban tambaye ta ta yaya ba, na riƙe kalmar kawai kamar laya.

An nuna fim ɗin wata Lahadi da yamma. Ban san wanda ya baza labarin ba, amma kafin a fara, tsakar gidanmu ta cika, har an fito da talabijin an ɗora a kan tebur a inuwa. Mutanen layi ba wanda ya zo. Baba ya jawo kujerarsa gaba. Duk da abin da ya faru, a ransa yana ganin irin wannan fim ba ya zaluntar mutum. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa.

Ya zuba wa ungulayen nan matattu ido har suka wuce. Da aka nuno ƙauyen da aka watse sai na ga ya gyara zama, domin garinsu ma haka ya koma, 'yan'uwansa sun bar gonaki sun tare a birni. Sai aka iso Nima. Ga fatar damisa, ga faifai, ga shuɗiyar riga, ga hula. Inda fuskarsa take kuwa an dama ta, ta zama wani hazo-hazo da ke motsi in ya juya. Muryar dai tasa ce, ba a taɓa ta ba. Mai bayani ya ce da Turanci wannan ɗaya ne daga cikin manyan masu wannan ciniki a birnin, kuma daga irin wannan tebur ne kuɗi ke komawa daji.

Ni ajiyar zuciya na yi, har ga Allah. Na ce shi ke nan, ba fuska, ba shaida. Sai wani yaro a cikin masu kallo ya ce, “Kai, an yi ma Baba irin na ɓarayi!” Uwarsa ta make masa baki, amma an riga an ji. Gaskiya ya faɗa. Mu a nan ba ma ganin an dama fuskar mutum sai a labarai, in an kama masu fizgen waya an jera su a ƙasa. Kuma wa za a ɓoye wa? Duk Nima ta san rigar, ta san muryar. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya ba sallama.

Baba ya ce in fassara masa abin da mai bayani ya ce. Na so in rage, ya ce in faɗa yadda yake. Na faɗa.

Na ce, “Ƙarya suka yi maka, Baba.”

“A'a. Abin da muka shimfiɗa musu suka ɗauka.” Can kuma ya ce, kamar da kansa yake magana, “Da na zo garin nan ungulu har kan rumfar mahauta suke sauka. Rabona da in ga ɗaya na manta.”

Washegari ya yi wanka ya tafi kasuwa, bai buɗe rumfa ba. Ya bi masu kayan ɗaya bayan ɗaya, ya gaya wa kowa magana guda: gobe da safe zai kai buhun ofishin masu kula da namun daji, mai abu a ciki ya zo ya ɗauka kafin nan, ba zai tambaye shi komai ba. Ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki har aka yi isha'i. Da safe ma ya jira har rana ta ɗaga. Ba wanda ya leƙo.

Mma ta yi kuka, ta ce wa ya taɓa kai kansa. Ni ma na roƙe shi, na ce yanzu ai amanar ta sauka, a ƙona kawai. Ya ce wanda aka rufe wa fuska ne ke ƙona abu a ɓoye, shi da tasa fuskar zai je. Ya sa rigar nan dai. Na aika makaranta cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba.

Trotro muka shiga, wato motar haya, buhun a kan cinyarmu mu biyu, domin Baba ya hana kwandasta ya sa shi a baya. Wata mata kusa da ni ta toshe hanci ta tambaya da harshen Twi ko kifi ne, na ce e. A hanya muka iske 'yan sanda suna tsayar da motoci. Ɗaya ya leƙo ta taga, idonsa ya sauka kan buhun, ya ɗago ya dubi furfurar Baba. In a nan aka buɗe, wa zai yarda cewa kaiwa za mu yi? Baba ya ce masa ina kwana. Ya amsa, ya buga jikin mota muka wuce.

Jami'in da aka kai mu gabansa magidanci ne mai ƙiba, da tabarau a kan hanci. Baba ya kwance bakin buhu ya fara fitarwa yana jerawa a ƙasa. Da fatar damisa ta fito, mutumin ya cire tabarau, ya dubi rigar, ya ce, “Ashe kai ne.”

“Ni ne,” in ji Baba.

Ya tambaye shi inda ya samo. Baba ya ce tsofaffin kaya ne. Ya tambaye shi na wa ne.

“Nawa ne.”

Tun da nake ban taɓa jin ubana ya faɗi abin da ba haka ba sai ranar, kuma bai iya ba. Muryarsa ta fito siririya. Jami'in ya dube shi tun daga hula har silifa, ya sake duban kayan, ya girgiza kai. Ya ce ya daɗe a wannan aiki, babban dillali ba ya zuwa a trotro. Sai ya juyo gare ni, ya koma Turanci don kada Baba ya bi. Ya ce ya ga alama ni mai ilimi ce, in taimaki tsohon. In na faɗi masu kayan, Baba zai koma gida a matsayin wanda ya taimaki hukuma, har ma a gode masa. In kuwa an tsaya a kan cewa nasa ne, to a kansa maganar za ta zauna, duk lokacin da aka kira shi sai ya zo, kuma ba zai iya yi mini alkawarin ba za ta kai kotu ba.

Sunayen suna bakina. Na san rumfar kowa, na san gidan kowa, na san wanda ya shige banɗaki. Ba na jin tausayin ko ɗaya daga cikinsu, har yau ba na ji. Na dubi Baba. Bai dube ni ba, bai yi mini alama ba, yana jan carbinsa kawai. Ba ya jin Turanci sosai, amma ya san abin da ake tambayata. Na ga in na buɗe baki zan fitar da shi daga ofishin nan fes, in kuma kai shi gida ya kasa haɗa ido da ni har ya mutu.

Na ce, “Nasa ne.”

Sun riƙe mu har bayan la'asar. Saboda shekarunsa, da kuma shi ya kawo da kansa, suka sake shi a hannuna, ni na tsaya masa. An sake kiransa sau da dama, muna zuwa muna zaman benci, a yi tambaya iri ɗaya ya ba da amsa iri ɗaya. Daga baya kiran ya ɗauke, amma ba wanda ya ce mana an rufe maganar. Har yanzu in baƙuwar lamba ta kira ni sai gabana ya faɗi. Masu zuwa rumfarsa sun ragu, wasu kuma sukan zo a ɓoye su yi ƙasa da murya su tambaye shi kan ungulu, sai ya ba su benci ya yi musu nasiha su tafi suna ganin rowa ce.

Ranar farkon nan da muka dawo, a bakin kasuwa trotro ya sauke mu. Suna nan zaune a benci su duka, gajeren yana tsakiya, ashe tun safe suke jiran su ga ko da motar hukuma za mu dawo. Da suka ga mu biyu ne kawai, ba buhu, ba jami'i, sai suka miƙe tsaye. Baba ya ƙarasa ya ba kowa hannu, ya tambayi gajeren jikin matarsa, ya tambayi mai mesa ko ɗansa ya samu aikin. Ni na wuce ta gabansu ban dubi kowa ba.

Har yau in na shiga layin ba na gaishe su. Su kan ce, “Ticha, sannu,” in yi kamar da bango suke. Baba kuwa duk ranar da labari ya kai masa sai ya sa a kira ni gida, ya zaunar da ni a gabansa kamar 'yar firamare, ya ce ba haka ya rene ni ba.